Gano Feftayid da LC-MS/MS: Inda Kuskure Ke Shiga a Kowane Mataki

Ɗaliban digiri na biyu da na uku a fannin bayokemistiri, daga nan KASU har ABU Zariya, suna yawan kawo tambaya iri ɗaya. Sun tura samfur an yi musu LC-MS/MS (gwajin da na'ura ke rarraba feftayid, wato guntayen furotin, ta auna nauyinsu), an dawo musu da fayil ɗin Excel ɗauke da ɗaruruwan sunayen furotin, kuma sun rasa wanda za su yarda da shi. Wani dafin kububuwa ya tura, sai ga keratin na ɗan Adam a saman jeri. Wata a kan ganyen zogale take aiki, aka ba ta sunayen furotin na tsiron da ba ta taɓa gani ba.

Nauyi kawai na'urar ke aunawa: nauyin feftayid, sannan nauyin gutsattsarinsa bayan ta farfasa shi. Sunan kuwa manhajar kwamfuta ce ke zaɓo shi, ta hanyar nemo jerin amino asid da ya fi dacewa da waɗannan lambobi a cikin rumbun bayanan da aka ba ta. Shi ya sa yawancin ɓarnar ake yin ta a kan tebur kafin samfur ya isa na'ura, ko a saitin manhaja bayan ya fito, kuma duka biyun a hannunka suke. Ga matakan bi da bi.

1. Kayan da za ka tanada

Safar hannu ta naitiril marar hoda, sabuwar reza, sababbin bakin fifet, da ƙananan tiyub irin waɗanda furotin ba ya maƙale wa jikinsu. A ɓangaren sinadarai akwai amoniyam bayikabonet, DTT da IAA (bayaninsu na mataki na 5), asetonaitiril, fomik asid da ruwa mai darajar LC-MS. Sai tirifsin, inzayim ɗin da ke daddatsa furotin zuwa feftayid, wanda shi ne mai cin kuɗi, da dala kuma ake yanka farashinsa.

A nan ne mutane ke neman sauƙi su ja wa kansu. Tirifsin ɗin da ake ɓamɓare ƙwayoyin halitta da shi daga faranti ba na wannan aiki ba ne, domin yakan zo da burbushin kimotirifsin mai yanka a wuraren da manhaja ba ta sa ran gani. Sayi wanda aka tace musamman don aikin MS. Yakan zo a 'yar kwalba mai maikurogiram 20, kuma tun da kashi ɗaya na tirifsin na narkar da kashi 50 na furotin, kwalba guda ta ishi samfur goma masu maikurogiram 100 kowanne. Ku haɗa kuɗi da abokan karatu ku raba. A narkar da shi cikin ruwan asid mai rauni, a rarraba a ƙananan tiyub, a sa a firiza.

Gargaɗi: kada ka zuba bafa (ruwan sinadari mai daidaita pH) a kwalbar da aka wanke da sabulun wanke-wanke, kuma kada ka sa tiyub da bakin fifet a otokilef da sunan tsafta. Ƙwayoyin cuta ba su ne damuwarka a nan ba, sinadaran roba da na sabulu ne.

2. Ajiya da ciro furotin

Daga lokacin da aka yanki nama, aka tsinki ganye ko aka ɗebi jini, inzayim ɗin da ke cikin samfur sun fara cin furotin ɗinsa. Yi aiki a kan ƙanƙara, ka raba samfur gida-gida tun ranar farko yadda duk wanda aka narkar sau ɗaya ya gama aikinsa. Firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri ita ce ta dace. Mu da ake ɗauke wa wuta ba sallama, dole a san ko firizar na kan janareta ko sola kafin a amince mata. Dabara mai arha: daskarar da ruwa rabin tiyub, ka kifa shi kansa ƙasa kusa da samfur. Ranar da ka tarar ƙanƙarar ta gangaro ƙasa, ka san kayanka sun narke sun sake daskarewa a bayan idonka.

Wajen ciro furotin, guji sabulan lab irin su Triton X-100, Tween da NP-40. Dukkansu suna da sarƙar PEG, wadda ke fitowa a na'ura a matsayin jerin tsini masu tazarar dalton 44.03 tsakaninsu (dalton shi ne ma'aunin nauyin da na'ura ke amfani da shi), su danne feftayid ɗinka, su kuma ɓata wa masu na'ura kolom, wato bututun da ke rarraba feftayid, na kwanaki. Sabulun SDS ma na kashe sigina, amma shi ana iya raba shi da samfur ta hanyar jel ko zaunar da furotin da aseton mai sanyi.

Yuriya mai ƙarfin mola 8 ita ce mafitar da aka saba, kuma ita ma tana da nata halin. In ta ji zafi ko ta kwana a ruwa takan rikiɗa zuwa sinadarin da ke manne wa laisin (ɗaya daga cikin amino asid) da bakin feftayid, ya ƙara dalton 43.006. Laisin ɗin da aka toshe haka tirifsin ba ya yanka shi. Littattafan da aka rubuta a Turai sukan ce a bar ta a zafin ɗaki, amma nasu ɗakin digiri 20 zuwa 25 ne. Ɗakin gwaji marar AC a Kaduna cikin Maris da Afrilu ya wuce nan nesa ba kusa ba. Haɗa yuriya a ranar da za ka yi aiki, ka yi aikin da sassafe ko a ɗaki mai sanyi.

3. Auna yawan furotin

Gwajin Bradford ba ya jituwa da sabulu, gwajin BCA kuma ba ya jituwa da DTT. Zaɓi wanda ya dace da bafarka, ka auna kafin ka zuba DTT. In wannan lissafi ya karkace, adadin tirifsin da za ka zuba ma ya karkace.

4. Jel da matsalar keratin

Keratin shi ne furotin ɗin fata, gashi da farce, kuma ƙurar da ke sauka a kan tebur cike take da shi. Ba a raba aiki da shi ɗungurungum, ragewa ake yi. Lokacin hunturu abin ya fi muni a wurinmu: fata ta bushe tana zubar da ɓawo, hazo na shigowa ta kowace kafa, mutane sun sa rigar sanyi ta ulu, wadda ita ma keratin ce ta tumaki. Ga kuma man shafawa da kowa ke laftawa a hannu, da yawansu akwai PEG a ciki.

Rufe kai da gemu, sa rigar lab mai dogon hannu, kashe fanka, rufe taga. In ka taɓa waya, ƙofa ko fuskarka, sauya safar hannu. Rina jel da Coomassie a cikin mazubi mai murfi wanda ba a taɓa yin wani aiki da shi ba, musamman wanda aka taɓa zuba madara a ciki don gwajin Western blot, in ba haka ba kasin ɗin madara zai biyo ka har cikin sakamako. Rinin azurfa mai gulutaraldihaid yana ɗaure furotin yadda ba ya narkuwa, kada a yi shi.

Yanka layin a kan gilashi mai tsafta, ka tsaya daidai inda rini ya tsaya, sannan ka daddatsa shi kamar milimita ɗaya-ɗaya. Yanko kuma wani yanki daga gefen jel inda babu komai, ka bi da shi duk matakan da suka rage. Duk abin da ya fito a wannan fanko ba na samfurinka ba ne.

A sani kuma: layi ɗaya a jel ba furotin ɗaya ba ne. Sau da yawa gommai ne suka taru a wuri guda, kuma wanda ya fi yawan feftayid a sakamako ba lallai shi ne mai aikin da kake bibiya ba.

5. DTT da IAA

DTT na kwance igiyoyin salfa da ke ɗaure furotin, IAA kuma ya toshe sistin don kada su sake haɗuwa. Abin da aka saba shi ne DTT milimola 10 na minti 30 a digiri 56, a bari ya huce, sannan IAA da ya ninka DTT fiye da sau biyu, minti 20 zuwa 30 a cikin duhu. In akwai yuriya a bafar, manta da digiri 56, ka yi a ƙasa da 30 ka ƙara lokaci.

IAA haske ke lalata shi. Auna shi a take, ka naɗe tiyub da takardar alminiyam. In ya yi kaɗan, feftayid masu sistin za su ɓace daga sakamako, kuma ga mai aiki a kan dafin maciji wannan babbar asara ce, domin gubar gamsheƙa cike take da sistin. In ya yi yawa ko ya daɗe, sai ya fara manne wa laisin, histidin da bakin feftayid. Kowane mannewa dalton 57.021 ne, biyu a kan laisin ɗaya kuwa 114.043, daidai da alamar da ƙaramin furotin yubikwitin ke bari inda ya manne. An sha ɗaukar wannan a matsayin sabon bincike. In lokaci ya cika, ƙara DTT kaɗan ya cinye ragowar.

6. Narkarwa da tirifsin

Tirifsin na yanka ne bayan laisin da ajinin, sai fa in furolin ne ke biye. Yana son pH wajen 8 da zafin digiri 37. Tsarma yuriya ta koma ƙasa da mola 2 kafin ka zuba shi, kuma ɗiga ɗigo ɗaya a takardar pH ka gani da idonka. In ka sa magungunan hana inzayim cin furotin a mataki na 2, irin su AEBSF, tabbatar an raba su da samfur, don shi ma tirifsin suna kashe shi.

Awa 12 zuwa 16 sun isa. In wuta ta ɗauke tsakar dare inkubeta ta huce, narkewar ba ta kammala ba, za ka ga feftayid dogaye masu wuraren yanka da aka tsallake. In kuma ka bar shi daga Juma'a zuwa Litinin, tirifsin zai cinye kansa, asfarajin kuma ya rikiɗa zuwa asfatik asid, ƙarin dalton 0.984, musamman inda gilaisin ke biye da shi. Gutsattsarin tirifsin na alade suna da lambobin da aka sani: 842.51, 1045.56 da 2211.10. Ganinsu kaɗan ba laifi, in su ne suka mamaye to furotin ɗinka ya yi kaɗan.

Narkar da BSA (albumin na jinin saniya) kaɗan a wani tiyub a gefe, da kayan da ka yi amfani da su. In feftayid ɗinsa LVNELTEFAK bai fito a 582.32 ba, matsalar daga hannunka take, ba daga samfur ba. Tsayar da aikin da fomik asid har pH ya sauka ƙasa da 3.

7. Wanke gishiri, busarwa, turawa

Ana wanke feftayid ta bakin fifet mai C18, sinadarin da feftayid ke maƙale wa. Sai samfur na da asid yake kamawa, wanda ya manta wannan ya zubar da kayansa a ruwan wanki. Gishirin da ya rage yakan hau feftayid: sodiyam ya ƙara 21.98, fotasiyam 37.96. Feftayid gajeru masu son ruwa kuma ba sa zama a kan C18 ko da an yi komai daidai, don haka ajiye ruwan da ya wuce in su kake nema.

Busasshen feftayid ya fi jure tafiya fiye da mai ruwa, kuma ya raba ka da neman busasshiyar ƙanƙara da fargabar kaya su kwana a filin jirgi. In ƙasar waje za a tura, gama takardun yarjejeniyar miƙa samfur tun kafin ka fara narkarwa. Rubuta wa masu na'ura duk abin da ka zuba, har da wanda kake ganin ba shi da muhimmanci.

8. Abin da za ka nema a wurin masu na'ura

Nemi ɗanyen fayil ɗin na'ura, ba Excel kaɗai ba. Ka biya kuɗinsa, kuma ba tare da shi ba babu yadda za a sake bincike. Nemi a yi allurar fanko tsakanin samfur da samfur, domin ragowar na baya kan maƙale a kolom ta fito a na gaba. In kana kwatanta rukuni biyu, a cakuɗa jerin allurar, kada a gama marasa lafiya duka sannan a shiga masu lafiya.

A tsarin da aka fi amfani da shi, na'urar na zaɓar feftayid mafi ƙarfin sigina ne ta farfasa, raunana su wuce. Furotin masu yawa irin albumin a jini da RuBisCO a ganye sukan cinye mata lokaci. Saboda haka rashin ganin furotin a jeri ba hujja ba ce cewa babu shi, kada ka rubuta haka a kundinka.

9. Rumbun bayanai da saitin bincike

Nan ne aka fi yin ɓarna, kuma nan ne gyara ba ya cin ko kwabo, tun da manhajojin MaxQuant da Comet da rumbun UniProt duk kyauta ne.

Manhaja ba ta iya cewa "ban san shi ba". Kamar neman sunan mutum ne a rajistar mazaɓar da ba tasa ba: za a nuna maka wanda sunansa ya fi kama. Ɗan Adam, ɓera da saniya an gama jera furotin ɗinsu. Ɗorawa, kuka da yawancin tsirranmu na magani kaɗan ne nasu a rumbu. A irin wannan hali haɗa da na danginsu na kusa, ka rubuta a fili cewa abin da ka samu makamanci ne, ko ka bi hanyar karanta jeri kai tsaye daga gutsattsari da manhaja irin PEAKS.

Rumbun ya ƙunshi duk abin da zai iya kasancewa a tiyub. Mai aiki a kan ƙwayar sammore da aka raino a jinin ɓera dole ya haɗa furotin ɗin ƙwayar daga TriTrypDB ko UniProt da na ɓeran. Ƙara jerin gurɓatattun da aka sani, wato keratin, tirifsin, BSA da kasin. Akwai shi a shirye da sunan cRAP, MaxQuant ma na zuwa da nasa. In ka cire su, siginarsu ba ta gushe ba, sai dai a liƙa mata sunan wani furotin naka. Kishiyar wannan ma kuskure ne: wanda ya loda dukkan halittun duniya ya ƙara yawan dacen banza, na gaskiya su nutse.

Faɗa wa manhaja inzayim ɗin da ka yi amfani da shi da gaske. Masu neman feftayid na magani daga waken suya, kifi ko kindirmo sukan narkar da Alcalase ko fefsin, sannan a bar saiti a kan tirifsin don shi ne ke nan tun asali. Sakamakon ba shi da amfani. A zaɓi yanka marar ƙa'ida. Haka kuma MaxQuant ba ya duba feftayid da bai kai amino asid 7 ba sai an sauya masa, alhali sanannun feftayid na madara masu rage hawan jini, VPP da IPP, uku-uku ne.

Iyakar kuskuren nauyi ta bi irin na'urar. Orbitrap: 5 zuwa 10 ppm (kashi cikin miliyan) ga feftayid, dalton 0.02 ga gutsattsarin da aka auna a cikinsa. Tarkon ayon: wajen dalton 0.5 ga gutsattsari. Sa 57.021 na sistin a matsayin dindindin, 15.995 na metiyonin da ya sha iska a matsayin mai yiwuwa, ka yarda da tsallake yanka biyu. Kada ka tara sauye-sauye goma don kwaɗayin ƙarin sakamako, garin neman gira a rasa ido.

10. Tagwayen nauyi

Liyusin (L) da aisoliyusin (I) nauyinsu ɗaya, 113.084. Hanyar farfasawa ta yau da kullum ba ta raba su, wato IPP da LPP abu ɗaya ne a idon na'ura. In manhaja ta rubuta I, daga rumbu ta kwafo. Gilaisin biyu daidai suke da asfarajin ɗaya, alanin da gilaisin daidai da gulutamin. Laisin da gulutamin dalton 0.036 ne tsakaninsu, haka asetil da metil uku, 42.011 da 42.047. Fosfet 79.966 ne, salfet 79.957. Waɗannan na ƙarshe sai na'ura mai kaifi, in da tarkon ayon aka yi maka aiki kada ka yi iƙirari a kansu.

Ƙarin 0.984 na mataki na 6 yana dab da 1.003 na kabon-13, wanda ke ba kowane feftayid tsini na biyu kusa da na farko. In manhaja ta ɗauki tsini na biyu a matsayin na farko, sai ta ba da rahoton sauyin da bai faru ba.

11. Tace jeri

Ana auna yawan ƙarya ne ta hanyar haɗa rumbu da jabun jeri, galibi na gaskiyar ne aka juya baya, a ga nawa manhaja za ta zaɓa. Ƙa'idar da aka saba ita ce FDR, wato kason dacen ƙarya, kashi 1 cikin 100. Ma'anarta, a dace 5,000 kusan 50 ƙarya ne, kuma ba a san ko waɗanne ba. Sa wannan iyaka a matakin furotin ma, don ƙaryar feftayid takan bazu ɗaya-ɗaya a kan furotin daban-daban, na gaskiya kuwa su taru a kan 'yan kaɗan. In rumbunka ƙarami ne ƙwarai, lissafin FDR kansa ba abin dogaro ba ne.

Goge na jabu da gurɓatattu, sannan duk abin da ya fito a fankonka. Furotin mai feftayid ɗaya tak a ajiye shi gefe. Duba kuma ko feftayid ɗin nasa ne shi kaɗai: gubobin dafi da furotin na ajiya a cikin iri dangi ne masu kama da juna, feftayid guda na iya zama na biyar daga cikinsu. A nan sunan dangin za ka rubuta.

Excel ma na da nasa sharrin, yakan mai da sunaye irin SEPT2 da MARCH1 kwanan wata. Abin ya yi yawa har aka sauya wa na ɗan Adam suna zuwa SEPTIN2 da MARCHF1, amma tsofaffin fayil na nan da tsohon suna. Shigo da wannan layi a matsayin rubutu.

12. Tabbatar da wanda kundinka ya dogara a kai

Ba za ka iya duba dubbai ba, amma biyu ko ukun da za ka kare a gaban malamai dole ka buɗe sifektiram ɗinsu, wato zanen tsinin gutsattsarinsu. Nemi jerin gutsattsarin b (na farkon feftayid) da y (na ƙarshensa) masu bin juna, aƙalla huɗu ko biyar a jere, kuma manyan tsinin su kasance cikin waɗanda aka yi wa bayani. In rabin manyan ba su da suna, wataƙila feftayid biyu ne aka farfasa tare. Tazarar tsinin kabon-13 na nuna caji: 0.5 caji biyu, 0.33 caji uku. Duba ya dace da abin da manhaja ta ce.

Feftayid ɗin da ya ci wannan gwaji, a ba da odar haɗa shi a kamfani, a yi masa allura a kolom ɗaya da saiti ɗaya. Lokacin fitowarsa da fasalin gutsattsarinsa su zo daidai da na samfur. Dacewar lokacin fita a HPLC kaɗai, da fitilar nanomita 214, ba ta isa shaida ba, don feftayid da yawa na fita tare. In kana iƙirarin yana kashe ƙwayar cuta ko rage hawan jini, da wannan haɗaɗɗen za ka maimaita gwajin, tun da ruwan da ka tara daga kolom akwai wasu a ciki. In akwai I ko L a jerin, yi odar duka biyun.